Babi na Bakwai: Ɗigo Biyu a Ƙarƙashin Harshe

A ƙaramar hukumar Kaura mutane da yawa za su iya faɗa maka daren da barci ya fara yi musu wuya. A watan Maris na 2014 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka uku da ba su da nisa da Manchok cikin dare, suka cinna wa gidaje wuta, aka rasa rayuka fiye da ɗari. A Yulin 2020 an buɗe wa jama'a wuta a wurin biki a Kukum Daji. A Disambar 2022 aka shiga Malagum. Tsakanin waɗannan akwai hare-haren da labarinsu bai kai jaridun Kaduna da Abuja ba. Yawancinsu lokaci ɗaya suke zuwa, sa'ad da mutum ya rufe ƙofa ya saki jiki.

Wanda ya taɓa gudu da yaro a kafaɗa cikin duhu, jikinsa ba ya mantawa. Ƙura ta lafa, an sake gini, an buga sabon kwano, amma kare ya yi haushi da ƙarfe biyun dare sai ido ya bushe har asuba. Ga samarin da ke gadin unguwa, su kwana a tsaye da tocila, gari ya waye su ɗauki fartanya ko su hau babur. Ga kuma damuwar da ba ta da alaƙa da bindiga: kuɗin taki, kuɗin makaranta, bashin da aka ci da damina ana jiran kaka.

Maganin da aka saba nema sananne ne. Wasu kemis suke zuwa a ba su baliyam ko maganin mura mai kashe jiki. Wasu burkutu ne ke kwantar da su. Matasa kuwa suna da wiwi, kuma ba a Kaura kaɗai ba: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne ke shan tabar wiwi. Amma hayaƙin wiwi yana da iyaka. Yana da wari, yana da suna, kuma malamar makaranta ko dattijon coci ko hajiya mai jikoki ba za su taɓa naɗa shi ba ko da za su shekara ba su runtsa ba.

Man wiwi ya tsallake wannan iyakar. 'Yar kwalba ce mai bakin ɗigawa, kamar ta maganin ido. A waya ake tallarsa, a bidiyon Facebook da saƙon WhatsApp, ko ɗan'uwa ya kawo shi tsaraba daga birni. Ɗigo biyu a ƙarƙashin harshe kafin a kwanta, in ji masu talla, kuma sukan haɗa da wata magana mai kwantar da hankali: wai Turawa sun yi bincike sun gano ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. An kuwa yi binciken, ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya. Sai dai kafin mu buɗe shi, ya kamata mu san wane ɓangare na ƙwaƙwalwa ake magana a kai.

Tsaya kusa da mai sayar da hatsi ranar kasuwar Manchok. Mutum ya ce a auna masa mudu uku na masara da biyu na wake. Tana cikin awo tana haɗa kuɗin a ka. Sai ta tuna akwai ragowar bashin makon jiya a kansa, ta ɗora. Ya miƙo kuɗi, ta fara cire canji, sai wata ta leƙo ta gefe: "Mama, nawa acca yau?" Ta faɗa mata, ta kora akuyar da ta sa baki a buhu, ta dawo kan lissafinta daidai inda ta bar shi, ta miƙa canji babu kuskure. Babu biro, babu takarda. Abin da ta yi amfani da shi shi ne riƙon ɗan lokaci: ikon ƙwaƙwalwa na ta riƙe 'yan abubuwa na daƙiƙoƙi tana jujjuya su, sannan ta saki idan aiki ya ƙare. Ya bambanta da tuna sunan kakanka ko hanyar gonarku, waɗanda suke ajiye tun da daɗewa.

Masana halayyar ɗan Adam biyu a Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, su ne suka fayyace yadda wannan riƙo yake aiki a 1974. Tun kafin su, a 1956, George Miller na Amurka ya ce abin da mutum zai iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, da ɗan ƙari ko ragi. A 2001 Nelson Cowan ya sake duba hujjojin ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Kamar faifai ne ƙarami: in ka ɗora abu na biyar, ɗaya daga cikin na farko zai zame. Shi ya sa ba wanda ke karanto lambar waya mai lamba goma sha ɗaya a numfashi guda. Gutsura ta muke yi, huɗu, uku, huɗu.

A ƙasar da yawancin ciniki da baki ake yin sa, wannan riƙo jari ne. Yaron da ke zaune da na'urar cire kuɗi yana riƙe da lambar asusu mai lamba goma yana dannawa ana yi masa surutu. Ɗan acaɓa yana riƙe da kwatancen gida da saƙon mutum uku. Ma'aikaciyar jinya tana lissafin allurar yaro gwargwadon nauyinsa. Idan riƙon ya ragu, ba a faɗuwa ƙasa, ba a zazzaɓi. Canji ne yake yin kuskure, saƙo ya ɓace a hanya, a shiga ɗaki a tsaya ana tunanin me aka zo ɗauka. Mutane su ce wane ya fara shiririta.

Rashin barci shi kansa yana cin wannan jarin. A 2012 masu bincike a Jami'ar Laval ta Kanada sun tattara nazari 24 da aka kwatanta masu fama da rashin barci da masu barci lafiya, suka samu cewa riƙon ɗan lokaci yana cikin abubuwan da suka yi rauni a wurin rukunin farko. To ka ga hujjar mai talla tana da ƙafa: in man zai kawo barci, ai kamata ya yi kai ya ƙara wayewa da safe.

Matsalar tana cikin ganyen. Sinadaransa suna da yawa, amma biyu ne ake cinikinsu. Na farko THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware a Isra'ila a 1964, shi ne mai bugarwa. Na biyu CBD, ba ya bugarwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da wasu wurare da THC ke maƙalewa a jikinsu, a 1992 kuma aka gano jiki yana ƙera nasa sinadarin da ke amfani da waɗannan wuraren. Suna da yawa ƙwarai a sashen da ke bayan goshi, inda ake jujjuya tunani, da wani sashe can ciki da ke karɓar sabon abu ya ajiye. Saboda haka raunin riƙo a lokacin da THC ke aiki a jiki yana cikin abubuwan da bincike ya fi tabbatarwa game da wiwi. Duk wanda ya zauna da mashayi ya ga yadda yake fara magana ya manta inda ya dosa.

Kuma mai ya bambanta da hayaƙi. Hayaƙi yana kai wa kai cikin mintuna, ya sauka bayan 'yan awoyi. Man da aka ɗiga aka haɗiye sai ya bi ta hanta, yakan ɗauki rabin awa zuwa awa biyu kafin a ji shi, hanta kuma ta mayar da wani kasonsa wani sinadarin mai ƙarfi da ya fi daɗewa. Mutum ya ɗiga, ya jira, bai ji komai ba, ya ƙara. Wanda ya ƙara da ƙarfe ɗayan dare kuma zai hau babur ƙarfe shida, da sauran abin a jininsa zai kama hanyar Kagoro.

Gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su kusan duk a Ostiraliya aka yi su, inda doka ta halatta wiwi don magani tun 2016. A Perth an ba mutum 24 wani haɗin mai na mako biyu, aka buga sakamakon a 2021: sun ce barcinsu ya gyaru fiye da lokacin da aka ba su man da babu komai a ciki. A Melbon an gwada wani man a kan mutum 29, shi ma mako biyu, kashi 60 cikin ɗari suka fita daga sahun masu rashin barci bisa ma'aunin da aka yi amfani da shi. A Jami'ar Swinburne an ba mutum 30 ko dai miligiram 150 na CBD zalla ko man bogi kowane dare na mako biyu. Ƙwaƙwalwarsu ba ta yi rauni da rana ba, amma barcin ma bai bambanta sosai da na masu shan bogin ba.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne na Sidni. Mutum 20 masu rashin barci aka kwantar a ɗakin gwaji, aka ba kowa miligiram 10 na THC da 200 na CBD sau ɗaya, aka lulluɓe kansa da wayoyin auna motsin ƙwaƙwalwa. Da safe aka yi musu jarrabawar tunani da ta tuƙi a na'ura. Kusan babu bambanci da daren da suka sha bogi. Wannan shi ne ainihin tushen maganar "ba ya taɓa ƙwaƙwalwa". Amma wayoyin da ke kansu sun rubuta wani abu da ba a sa shi a talla: jimillar barcinsu ta ragu da kimanin minti 25, barcin mafarki kuma ya ragu da fiye da rabin awa. Abin da aka sha don a ƙara barci, a wannan daren rage shi ya yi.

Na yarda da waɗannan masu bincike, kuma su da kansu ba su yi iƙirarin da ake yi da sunansu ba. Dare ɗaya suka auna, ko mako biyu. Mutum ashirin, talatin. An auna kowane miligiram. Irin waɗannan gwaje-gwaje sukan tace mahalarta, a ware mai juna biyu, da mai taɓin hankali, da mai shan wasu ƙwayoyi. Matar da ta rasa 'ya'ya a dare ɗaya, wadda ta shekara goma tana farkawa a firgice, tana shan maganin hawan jini, da wuya ta tsallake wannan tacewar. Kuma ba mako biyu za ta sha ba. Wanda barci ya gagara shekaru, in ya samu abin da ya kwantar da shi, kowane dare zai nema.

Abin da ke faruwa da mai sha na dogon lokaci wani bincike ne daban ya leƙa. A Janairun 2025 masana a Jami'ar Kolorado ta Amurka suka buga nazarin hoton ƙwaƙwalwar mutum 1,003 'yan shekara 22 zuwa 36. Ana nuna wa mutum hotuna a jere yana cikin na'ura, a ce ya faɗi ko wanda ke gabansa shi ne wanda ya wuce biyu baya. Aiki ne irin na mai hatsin nan, riƙe wannan, saki wancan. Cikin waɗanda suka sha wiwi fiye da sau dubu a rayuwarsu, kashi 63 cikin ɗari sun nuna raguwar motsin ƙwaƙwalwa a lokacin wannan aikin. An gwada su da ayyuka bakwai, kuma a riƙon ɗan lokaci ne bambancin ya tsaya da ƙafarsa. Irin wannan nazari ba ya iya rantsuwa cewa wiwin ne ya jawo, tunda hoto ɗaya aka ɗauka ba a bi mutanen tun suna yara ba. Amma sau dubu ba adadi ne mai nisa ba ga mai ɗigawa kowane dare. Bai kai shekara uku ba.

Maganar mafarki ita ce ta fi damuna game da ƙasarmu, domin a nan tarkon yake. THC yana danne barcin mafarki. Ga wanda kowane dare yake sake ganin wuta a rufin ɗaki, wannan rahama ce, kuma ba zan raina ta ba. A Kanada ma an gwada wani magani mai kama da THC, nabilon, a kan sojoji goma da mugun mafarki ya addaba, aka buga a 2015 cewa ya rage musu. Sai dai jiki yana sabawa. Wuraren nan da sinadarin ke maƙalewa suna raguwa in ana sha kullum, ɗigo biyu ya koma huɗu. Ranar da kwalba ta ƙare, ko kuɗi suka yanke, ko ɗan'uwan da ke kawowa bai zo ba, mafarkin da aka danne yakan dawo da ƙarfin da ya fi na da, tare da rashin barci da saurin fushi da rashin cin abinci. Likitoci sun san wannan a matsayin alamar janyewa daga wiwi. Mai shan bai sani ba. Abin da zai gani shi ne ciwonsa ya dawo ya ninka, ya ƙara gaskata cewa ba zai iya rayuwa babu kwalbar ba.

Ita kwalbar kuma me ke cikinta? A 2017 an sayi kayan CBD iri 84 ta intanet a Amurka aka kai ɗakin gwaji. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da ke ciki ya dace da abin da aka rubuta a jiki, 18 kuma an same su da THC. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da kotunan da ake kai ƙarar kamfani. A Najeriya wiwi haramun ne a doka tun kafin dokar soja ta 1966, wadda har hukuncin kisa ta tanadar wa mai nomansa kafin a sassauta ta. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, da aka kafa a 1989, tana kama mai ganye da mai mai duka. Marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kira tun 2019 a halatta nomansa don magani, bai samu ba. A 2025 shugaban NDLEA Buba Marwa ya ce hukumarsa ba ta ƙi a fitar da man zuwa ƙasashen waje a ƙarƙashin kulawa ba, amma ba ta yarda a sha shi a cikin ƙasa ba. Abin da doka ta hana kuwa ba wanda ke auna shi. In a cikin gida aka dafa man, daga wiwin da ake nomawa a dazukan Ondo da Edo za a dafa shi, wanda don buguwa ake shuka shi. Mai ɗigawa a Manchok bai san ko miligiram biyu ya sha ko hamsin ba, mai sayarwar ma bai sani ba. Ko CBD na gaskiya ne, yana iya canza yadda hanta ke sarrafa wasu magunguna, irin na farfaɗiya da na tsinka jini.

Ba na jin daɗin a hana mutum abu a bar shi hannu rabbana, alhali shi ne zai kwana ido biyu. Akwai abin da ya fi man hujja. Tun 2016 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce matakin farko ga rashin barci mai daɗewa horo ne na gyaran ɗabi'a da tunani, kafin kowace ƙwaya. Ana yin sa cikin makonni kaɗan. A tsayar da lokacin tashi guda ko da daren bai yi kyau ba. Kada a kwanta sai barci ya zo, in kuma an kwanta ya ƙi, a tashi a zauna har ya dawo, don kada jiki ya haɗa shimfiɗa da fargaba. A rage barcin rana, a bar goro da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari daga la'asar. Wasu sassan horon suna buƙatar gyara kafin su shiga gidan da mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya. Amma shugabannin matasa za su iya tsara gadi yadda mutum zai san darensa tun da wuri, ya samu darare a jere na cikakken barci, maimakon a tashe shi duk lokacin da aka ji motsi.

Wani rashin barcin ma a jiki yake. Ciwon suga yana tashin mutum fitsari sau da yawa, haka kumburin mafitsara ga dattawa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa zai yi barcin awa takwas ya tashi a gajiye. Waɗannan awo suke so, kuma ana iya fara shi a asibitin Kafanchan. Wanda firgici da mugun mafarki suka hana shi sakat, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai asibitin koyarwa na Jos wanda ya fi kusa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, kuma fasto da liman suna da bakin da za su faɗi haka a ji. Likitocin wannan fanni a ƙasar nan ba su kai 300 ba, don haka aikin dole ya sauko hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta buɗe wannan ƙofar a takarda. Horar da ma'aikatan ya rage ga jiha da ƙaramar hukuma.

Wanda ya riga ya fara, labarinsa bai ɓaci ba. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna wuraren maƙalewar THC da suka ragu suna komawa daidai bayan kimanin mako huɗu da dainawa. A 2018 a Boston an sa matasa 'yan shekara 16 zuwa 25 masu shan wiwi su daina na wata guda, ikonsu na koyon sabon abu da tuna shi ya fara gyaruwa tun a makon farko. Wahalar ita ce makon da kai ke fara washewa shi ne makon da dare ya fi tsanani, kuma a nan yawanci ake komawa. Shi ya sa ma'aikaciyar asibiti take buƙatar ta faɗa wa mutum tun kafin ya ajiye kwalbar: "Baba, kwanakin farko ba za ka ji daɗi ba. Mafarki zai dawo, zai yi muni, kuma janyewar maganin ce take kawo shi. Zai ragu cikin makonni. Kada ka cike gurbin da baliyam ko burkutu. Ka zo mini ranar kasuwa mai zuwa mu ga yadda ka kwana, ka taho da sauran magungunan da kake sha."